Idan an ce a ba gwamnati mabuɗin WhatsApp don a kama 'yan bindiga, kun yarda?

Bakatsine_77: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so masana cikinmu su warware min. A watan Fabrairun 2025 labari ya fito cewa gwamnatin Birtaniya ta umarci Apple ya ba ta hanyar shiga bayanan da mutane suka kulle a iCloud, ma'ajiyar bayanai ta Apple a intanet. Tarayyar Turai kuma tun 2022 take ta jan wani ƙudiri da zai sa a riƙa duba saƙonnin mutane a manhajoji irin su WhatsApp da Signal. Ostireliya ta riga ta yi tata dokar tun 2018. Waɗannan fa ƙasashe ne da ba a tare musu hanya, ba a kwashe musu ɗalibai a makarantar kwana. To mu da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, me muke jira? A ganina Majalisar Tarayya ta yi doka, duk manhajar da ke son aiki a Najeriya ta ba jami'an tsaro hanyar karanta saƙo muddin kotu ta ba da izini. Wadda ta ƙi ta kwashe kayanta. Ku nuna min inda matsalar take.

Uwar_Biyu: Wa alaikumus salam. Ni na yarda ɗari bisa ɗari. Me ke cikin wayata? Hoton atamfa da lissafin adashi. Su karanta su ƙoshi, in dai za mu yi barci da ido biyu rufe.

Mai_Gyara_FarmCentre: Malam Bakatsine, ka taɓa ganin wayar da ake kamawa a hannun mutanen nan? Yawanci ƙaramar waya ce mai maɓalli, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. Kira suke yi na kowa da kowa, da layi, ana jin muryarsu tangaran suna cinikin kuɗin fansa. Wannan kiran ba shi da wani kulle da ya gagari hukuma. Kamfanin layi ya san lambar, ya san turken sadarwar da ta kama. Tun Disamban 2020 aka ce mu haɗa layi da NIN, muka sha layi a rana, a Afrilun 2022 aka toshe kiran sama da layi miliyan 70, duk da sunan tsaro. Abin da ke a buɗe ba a gama da shi ba, sai kuma a ce a fasa wanda ke kulle?

Dan_Tasha: 😂 Mai Gyara ka gama magana, a rufe zaure a tafi sallah.

Bakatsine_77: @Mai_Gyara ban musa ba, amma ba duka ba ne masu ƙaramar waya. Wasunsu har bidiyo suke sakawa a TikTok suna nuna kuɗi. Kuma masu kai musu makamai da infoma na cikin gari fa? Waɗannan da babbar waya suke aiki.

Injiniya_Sadau: Bari in faɗi yadda abin yake aiki tukuna, don muhawarar ta hau kan hanya. Tun Afrilun 2016 duk saƙon WhatsApp a wayarka ake kulle shi, kuma a wayar wanda ka aika wa kaɗai yake buɗewa. Mabuɗin yana cikin wayoyin nan biyu. Kamfanin da ya ba ka data ba shi da shi, Meta mai WhatsApp ɗin ma ba shi da shi. Don haka idan alƙali ya rubuta wa WhatsApp cewa ya kawo saƙonnin wane, amsar ita ce babu su a hannunsa.

To mai son a canja wannan, abin da yake nema a zahiri shi ne a sake gina manhajar, a yi mata mabuɗi na uku ko wata ɓarauniyar hanya. Kuma ba a wayar ɗan bindiga kaɗai za a sa ta ba, tunda ba a san shi ba tukuna. A wayar kowa za a sa. Kamar a ce kowane magidanci ya yanka kwafin makullin gidansa ya kai wa mai unguwa, don wata rana ko ɓarawo zai ɓuya a wani gida. Ko mai unguwar waliyyi ne, yanzu ɓarawo ya san ɗaki ɗaya tak zai fasa ya samu makullan unguwa gaba ɗaya.

Ba hasashe nake yi ba, an gwada. Amurka ta yi doka a 1994 da ta tilasta wa kamfanonin waya su gina hanyar da jami'ai za su saurari kira da izinin kotu. A 2024 aka gano wasu masu kutse da Amurka ta ce na Sin ne, waɗanda ake kira Salt Typhoon, sun shiga AT&T da Verizon, har sun kai ga wannan tsarin sauraren. Sin ta musanta. Amma abin dariyar, a Disamban shekarar jami'an tsaron Amurka da kansu suka shawarci mutane su koma manhajoji masu kulle saƙo. Kafin nan akwai na Girka a 2004 zuwa 2005, inda aka bi ta tsarin sauraren hukuma da ke cikin na'urorin Vodafone aka saurari wayoyi sama da 100, har da ta firaministan ƙasar. Idan Amurka ta kasa tsare tata ƙofar, ina so Malam Bakatsine ya gaya min ofishin da zai tsare tamu.

Bakatsine_77: Injiniya na gode, na ƙaru. Amma ku masu fasaha kullum amsarku ita ce ba zai yiwu ba. An yi jirgi marar matuƙi, an yi kwamfuta mai hira da mutum, sai mabuɗin da alƙali kaɗai zai iya amfani da shi ne ya gagara?

Injiniya_Sadau: @Bakatsine_77 yin mabuɗin ba wuya. Wuyar ita ce mabuɗi bai san hannun da ya riƙe shi ba. A 1993 gwamnatin Amurka ta fito da irin wannan dabarar, Clipper, inda za a ajiye kwafin mabuɗi a hannun hukuma. Shekara guda bayan nan wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna yadda za a zagaye ta. Tun daga nan ake ta dawo da maganar da sabon suna.

Barista_Zazzau: Salamu alaikum. Ina ganin da yawanmu ba mu san cewa rabin abin da Malam Bakatsine ke nema yana cikin dokokinmu tuni ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara 2. Sashe na 39 ya ba alƙali ikon ba da umarnin tare saƙo. Sashe na 45 ya ce jami'in da ya samu izinin bincike daga kotu zai iya amfani da fasaha ya kwance bayanan da aka kulle a na'urar da yake bincika. Sannan a 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin tare sadarwa bisa doka, kuma a ciki an ce idan saƙon a kulle yake, kamfanin da ke da lasisi ya bayar da mabuɗi ko hanyar buɗewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da Injiniya ya faɗa. Ƙa'idar NCC ta hau kan masu lasisinta, su kuma ba su da mabuɗin WhatsApp. Ba za ka tilasta wa mutum ya ba ka abin da ba shi da shi ba.

Ta ɗaya ɓangaren, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Sashe na 45 na kundin ya yarda a taƙaita wannan haƙƙin saboda tsaro, amma da sharaɗin dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Sauraren mutum ɗaya da ake zargi zai wuce wannan gwajin. Raunana wayar kowa da kowa, ni dai ba na ganin zai wuce. A Turai an riga an yi shari'ar. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a Fabrairun 2024, a ƙarar wani mai amfani da Telegram da ya kai Rasha, ta ce tilasta raunana kullen saƙo ya keta haƙƙin sirri. Hukuncinta bai ɗaure kotunanmu ba, amma lauya zai ɗauko shi.

Oga_POS: Ni duk lokacin da na ji an ce tsaron intanet, aljihuna nake dafewa. Ba wannan dokar ba ce aka ce za a riƙa cire mana kashi 5 cikin 100 a kowane tiransifa?

Barista_Zazzau: @Oga_POS rabin kashi ɗaya ne cikin 100, wato naira 500 a kan naira 100,000. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a Fabrairun 2024 ne ya zo da shi, CBN ta fitar da sanarwa a watan Mayu, kuɗin kuma asusun da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa ke kula da shi za su tafi. Mutane suka yi ca, aka dakatar.

Oga_POS: Ko nawa ne dai Barista. Kwastoma ba ya jin wannan lissafin, ni zai zaga.

Dan_Tasha: Oga POS an taɓo inda ke masa ƙaiƙayi 😂

Admin_Zaure: Jama'a a dawo kan batu don Allah. Maganar haraji a buɗe mata nata zaren.

Alkalami_Mai_Kaifi: Ni aikin jarida nake yi, don haka ku yi min uzuri idan na yi zafi. Tambayata ba ta fasaha ba ce. Duk ikon da aka ba hukuma da sunan 'yan ta'adda, a kan wa aka fara gwada shi? Ku duba sashe na 24 na wannan dokar ta 2015. An ce don masu cin zarafi a intanet aka yi shi, amma yadda aka rubuta shi, saƙon da ya ɓata wa wani rai ma zai iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Su wa suka riƙa shiga hannu? 'Yan jarida da masu sukar gwamnoni. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Aka gyara shi a 2024, amma a watan Mayun 2024 ɗin aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu na kafar binciken labarai ta FIJ a Legas aka wuce da shi Abuja, da sunan dokar dai.

Ku tuna ƙudirin soshiyal midiya na Sanata Mohammed Sani Musa a 2019, wanda sai da jama'a suka tashi tsaye ya kwanta. Ku tuna an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 na kayan sa ido, ciki har da kusan biliyan 1.9 da aka rubuta na tare saƙonnin WhatsApp ne. Wa ya taɓa zuwa gaban majalisa ya faɗi abin da aka saya da wanda aka kama da shi?

Hajiya @Uwar_Biyu, kin ce ba ki da abin ɓoyewa. Ma'aikacin da ya turo min takardar da ke nuna an cinye kuɗin asibitin garinku, shi yana da abin ɓoyewa, kuma don ke yake ɓoyewa.

Uwar_Biyu: @Alkalami ƙanena na ji ka. Amma ku 'yan jarida nawa ne, mu da ake sacewa nawa ne?

Dan_Maradi: Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar mun riga ku ɗanɗana. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, a 2020 aka yi ta sauraren sadarwa, kuma wannan ta biyun shugaban ƙasa ne ke ba da izinin saurare, ba alƙali ba. A 2020 ɗin aka kulle 'yar jarida Samira Sabou kan abin da ta rubuta a Facebook. Zamanin Bazoum, a 2022, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta maido da shi. Abin da nake so ku lura, dokar da farar hula suka rubuta ita soja suka tarar a kan tebur. Duk mai goyon bayan a ba gwamnati mabuɗi, ya tuna ba ya zaɓen wanda zai gaje shi.

Malam_Na_Zaure: Allah Ya saka da alheri. Mu dai a addini asali shi ne haramcin bin diddigin sirrin mutane. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mummunan zato, ta hana leƙen asirin juna, ta hana gulma, a jere. Malamai sun yi togaciya idan akwai alama mai ƙarfi cewa za a kashe rai ko a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, nan hukuma za ta iya bincike. Amma togaciyar a kan wanda alamar ta nuna ne. Ban san malamin da ya ce a leƙa gidan kowa don wataƙila a dace ba.

Abu_Hanan: Malam, da girmamawa, kiyaye rai yana gaba da kiyaye sirri a manufofin shari'a. Idan maslahar jama'a ta ci karo da ta mutum ɗaya, ta jama'a ake gabatarwa. Ƙauyuka nawa aka tasa?

Malam_Na_Zaure: @Abu_Hanan haka ne ɗana, idan maslahar tabbatacciya ce. Masu fasahar nan suna ce mana cutarwar tabbas ce, amfanin kuma zato. Ka fara warware wannan da su, sai mu dawo kan ƙa'ida.

Bazamfariya: Tun ɗazu nake karantawa ban so in yi magana ba. An ɗauke yayana a hanyar gona. Da lamba ɗaya suka riƙa kiranmu har aka gama ciniki, ba su ko canja ta ba. Mun kai lambar inda ya kamata mu kai, aka rubuta a takarda, aka ce mu je za a neme mu. Gona muka sayar da shanu biyu muka karɓo shi. Har yau ba wanda ya neme mu.

Kuma a Satumban 2021 da aka kashe mana sabis a jihar gaba ɗaya, an ce mako biyu ne, wasu wuraren sai da suka kusa wata uku. Mu muka sha wuya. Ba ka iya kiran ɗan uwa ka ce ga su nan tafe, ba ka iya karɓar kuɗin da aka turo maka, mutane na tafiya har wata jiha don su yi waya. Su kuwa an ce suna hawa duwatsu suna kamo sabis ɗin maƙwabta.

Amma kada Alkalami ya ɗauka ina bayansa gaba ɗaya. Ranar da yayana ke hannunsu, da an ce min a buɗe wayar duk 'yan Najeriya a same shi, wallahi zan sa hannu ban karanta ba. Abin da na sani kawai, ba rashin mabuɗi ne ya hana a taimake mu ba.

Bakatsine_77: Allah Ya kiyaye gaba 'yar uwa, Ya mayar muku da alheri.

Uwar_Biyu: Amin ya Allah. Kin sa ni hawaye.

Mazaunin_Manchester: Allah Ya ƙara tsarewa. Ina so in ɗan gyara bayanin farko, tunda a nan nake zaune. Abin da Apple ya yi shi ne janye wani tsari mai suna Advanced Data Protection daga Birtaniya, wanda ke kulle ajiyar iCloud yadda kamfanin ma ba ya iya gani. Ya gwammace ya cire shi da ya yi masa ɓarauniyar hanya. iMessage da WhatsApp suna nan a kulle. Sakamakon dai, mu mazauna nan ajiyarmu ta fi ta wanda ke Kano rauni, in dai na Kanon ya kunna nasa. Umarnin a ƙarƙashin dokar bincike ta 2016 aka ba da shi, kuma doka ta hana kamfani ya faɗi cewa an ba shi, jaridar Washington Post ce ta tona.

Na biyu, a Turai ba ta'addanci ne kan gaba a hujjarsu ba, hotunan lalata da yara ne. Dokar tsaron intanet ta nan, ta 2023, ta ba hukumar sadarwa ta Ofcom ikon tilasta wa manhaja ta binciko irin waɗannan hotunan. Signal da WhatsApp suka ce za su fice, gwamnati ta ce ba za ta yi amfani da ikon ba sai fasahar ta samu. Ikon dai na nan a rubuce. Ƙudirin Tarayyar Turai kuma, Jamus ta ƙi mara masa baya a Oktoban 2025, daga baya ƙasashen suka cire batun tilas daga matsayarsu. Faransa ma a Maris 2025 majalisarta ta yi watsi da irin wannan sashe a dokar yaƙi da masu safarar ƙwaya. Don haka Malam Bakatsine, waɗanda ka kafa hujja da su, su ma ba su gama yarda ba.

Uwar_Biyu: To wannan na yaran shi ya fi damuna ma. 'Ya'yana mata biyu, babbar ta fara riƙe waya. Kuna jin yadda ake yaudarar yarinya ta tura hoto, a dawo ana yi mata barazana da shi. Idan akwai na'urar da za ta gane hoton banza ta tare shi kafin ya tafi, mene ne laifinta? Ai ba mutum ne zai karanta ba.

Injiniya_Sadau: Hajiya wannan ita ce tambaya mafi nauyi a zaren nan, kuma ba zan ce miki matsalar ƙarya ce ba. Dabarar da suke kawowa ita ce a sa mai bincike a cikin wayar kanta, ya duba hoto kafin a kulle shi, ya gwada da wani jerin haramtattun hotuna. Apple ya sanar zai yi haka a 2021, masana suka yi masa ca, ya watsar a ƙarshen 2022. Dalili biyu. Na'urar tana kuskure, uba ya tura wa likita hoton ƙurjin ɗansa ya wayi gari ana bincikensa. Sannan wa ke riƙe da jerin? Yau hotunan yara ne, gobe wata gwamnati ta ƙara hoton takardar zanga-zanga ko bidiyon wani gwamna, kuma mai wayar ba zai taɓa sani ba.

Irin abin da kika kwatanta kuwa, yarinyar tana da saƙonnin a wayarta. Hujja na hannu. Abin da ake rasawa shi ne ta samu wanda za ta gaya wa ba tare da an fara dukanta ba, da ofishin da zai bi maganar.

Kwankwaso_Ba_Siyasa: Ni fa duk wannan kulle-kullen ban yarda da shi ba. Ka yi hirar takalmi da abokinka, ka buɗe Facebook ka ga tallan takalmi. Turawan nan suna karanta komai, mu kawai ake raina wa hankali. Gara ma Telegram.

Mai_Gyara_FarmCentre: @Kwankwaso_Ba_Siyasa Telegram ɗin da kake yabo, hirar yau da kullum da ta guruf ba su da irin wannan kullen, sai ka buɗe hirar sirri da kanka. Kuma mutanenmu da yawa da hannunsu suke buɗe ƙofar. Kullum ana kawo min waya da GB WhatsApp a ciki, wanda ba ka san wa ya haɗa shi ba. Ga masu ajiye saƙonni a Google Drive ba su kunna kullen ajiyar ba. Ga wanda za a kira a ce ya karanto lamba shida da aka turo masa, ya karanto, a ƙwace masa asusu a bi 'yan uwansa da roƙon kuɗi.

Injiniya_Sadau: Ƙari a kan na Mai Gyara. Meta ba ya ganin abin da ka rubuta, amma yana da bayanan gefe, lambarka, irin wayarka, lokacin da ka hau, adireshin intanet ɗinka, guruf ɗin da kake ciki. Irin waɗannan yana iya miƙa wa hukuma idan ta bi hanya. Kuma ga mai bincike na gaske wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ya dawo da ni kan ƙorafin Malam Bakatsine cewa kullum muna cewa ba zai yiwu ba. Ga abin da ya yiwu. A 2016 FBI ta kai Apple kotu kan wayar wanda ya kai hari a garin San Bernardino na Amurka, Apple ya ƙi, ƙarshe FBI ta samu wasu suka buɗe mata wannan wayar guda. A 2020 jami'an Faransa da Holan suka kutsa EncroChat, manhajar da manyan masu laifi ke amfani da ita. A 2021 aka bayyana cewa wata manhaja mai suna ANOM da 'yan ƙwaya suka amince da ita, FBI ce ke tafiyar da ita, aka kama sama da mutum 800. Duk wannan aiki ne na bin mai laifi, ba a taɓa wayar sauran jama'a ba.

Alkalami_Mai_Kaifi: Injiniya kada ka wanke wannan hanyar tas. Kutsen waya ɗaya-ɗaya shi ne Pegasus, manhajar leƙen asirin da WhatsApp ya kai kamfanin da ya ƙera ta, NSO, ƙara a 2019 kan mutum kusan 1,400, cikinsu da 'yan jarida da masu kare haƙƙi. Ko ta wace hanya aka bi, in babu mai sa ido a kan mai sa ido, mu ne a gaba.

Injiniya_Sadau: Na yarda. Bambancin dai, wancan yana da tsada, dole a zaɓi wanda za a bi. Ɓarauniyar hanya kuwa araha take mayar da abin.

Hajiya_Kwari: Ni tambaya ɗaya gare ni. Malam ya ce wadda ta ƙi ta kwashe kayanta. In WhatsApp ya tafi, ina zan sa kayana? Rabin cinikina a status nake yi, masu saye daga Agadas, Kumasi, har Njamena. Lambar asusu, hoton rasit, adireshin da za a kai kaya, duk ta nan suke bi. Wannan shi ne abin da nake so ya kasance a kulle, ba don gwamnati ba, don 'yan damfara.

Mazaunin_Manchester: Hajiya ba barazanar banza ba ce. Indiya ta yi ƙa'ida a 2021 cewa dole manhaja ta iya nuna wanda ya fara tura saƙo. WhatsApp ya kai ƙara babbar kotun Delhi, a 2024 lauyansa ya faɗa wa kotu cewa idan aka tilasta fasa kullen, WhatsApp zai bar ƙasar. Indiya ce fa kasuwarsa mafi girma.

Abu_Hanan: To wannan ma abin dubawa ne. Kamfani a Amurka shi zai gaya wa ƙasa mai 'yanci dokar da za ta yi? Yau sun ce sirri, amma su wa ya zaɓe su?

Dan_Maradi: @Abu_Hanan nan kam ina tare da kai rabi. Amma ka lura, mai laifi in an buɗe WhatsApp zai koma wata manhajar, akwai su birjik kyauta. Hajiya ce ba ta da wurin komawa.

Bakatsine_77: Na karanta duka. Maganar Bazamfariya ta tsaya min a rai, haka ta Dan Maradi. Amma har yanzu ban sauka gaba ɗaya ba. Yau ƙaramar waya suke riƙewa, gobe fa? ISWAP ba su tsaya a ƙaramar waya ba. Ba na so sai ranar ta zo mu fara neman doka a gurguje, don dokar gaggawa ita ce ta fi muni. Barista, idan kai aka ba ka rubuta ƙudirin, me za ka sa?

Barista_Zazzau: Ba zan taɓa kullen ba. Zan sa wa'adi, idan iyalan wanda aka sace suka kai lamba, cikin awanni kaza a nemi izinin kotu a bi ta, kuma a rubuta sunan jami'in da ke da alhakin. Zan sa duk wani saurare ya bi ta hannun alƙali, na gaggawa ma a kawo masa daga baya ya duba. Zan sa a riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara, izini nawa aka nema, nawa aka bayar, nawa suka kai ga gurfanarwa. Sannan hukunci ga jami'in da ya saurari budurwarsa ko abokin hamayyar ubangidansa.

Alkalami_Mai_Kaifi: Barista wace majalisar ce za ta karanta rahoton? 😅

Abu_Hanan: Duk wannan bai amsa tambayar Malam Bakatsine ba. Idan alƙali ya ba da izini, aka zo aka tarar saƙon a kulle, kuma wayar na daji, sai a yi yaya?

Injiniya_Sadau: Sai a bi kuɗin, a bi mai kai musu fetur da burodi, a bi turken da wayar ta kama. Wani lokacin kuma ba za a samu saƙon ba, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba.

Bakatsine_77: To ka ga inda muka rabu ke nan Injiniya. Kai ka iya haƙura da wannan wani lokacin, ni daga Batsari nake.

Uwar_Biyu: @Mai_Gyara don Allah kafin a tashi, wannan kullen ajiyar na Google Drive da ka ce, ta ina ake kunna shi? Kuma in na manta kalmar sirrin, kuna iya buɗe min a shago?

Mai_Gyara_FarmCentre: Hajiya ki shiga saitin WhatsApp, wajen hira, sai wajen ajiya, za ki gan shi a ƙasa. Amma ki rubuta kalmar ki adana. In kika manta ta kuma wayar ta ɓata, ba ni ba, ko mai WhatsApp ɗin ba zai iya buɗe miki ba.